Ƙawanyar Wuyan Jabru

Mangtu Ram ya raba gurasar masararsa biyu, ya miƙa rabi ƙasa ba tare da ya duba ba. Hannun ya daɗe a miƙe. Babu bakin da ya karɓa.

"Baban Nirmala," in ji matarsa Sarlo daga bakin murhu, "wata bakwai ke nan kana ciyar da tabarma."

Mu mutanen ƙauyen duk mun san shi da karensa Jabru. Shekara goma sha uku suna hawan dutse tare, tun yana kai tumaki kiwo saman dutsen da bazara har bayan ya sayar da garken. Mangtu a baya da sanda, Jabru a gaba yana waiwaye, baƙi wuluk a kan farar ƙanƙara. A wuyansa akwai ƙawanyar ƙarfe mai ƙayoyi, irin ta kowane kare a nan, don damisa wuya take kamawa.

Da Jabru ya tsufa, sai ƙarfen ya fara cin fatarsa. Ran nan a kan hanya, tsakar rana, Mangtu ya ga jini a gashin. Ya durƙusa ya cire ƙawanyar. "Huta, tsoho," ya ce. Jabru ya girgiza kai, ya yi gaba da gudu kamar kwikwiyo, ya sha kwanar wani dutse. Kuka ɗaya Mangtu ya ji.

Shi kaɗai ya sauko, da ƙawanyar a hannu. Ya rataye ta a bango. Tun ranar bai sake ɗaga ido ya kalli dutsen ba.

"Maƙwabcinmu Dhogru ya zo jiya," Sarlo ta ce. "Gobe zai hau da tumakinsa, sabon karensa kuwa wuya tsirara. Yana roƙon waccan."

"Ya je wurin maƙeri."

"Maƙerin ya tafi biki, sai mako. Kai kurma ne ko taurin kai? Damisa za ta jira maƙeri?"

Mangtu ya miƙe ya sauko da ƙawanyar. Har yanzu akwai baƙin gashi maƙale a ƙayoyin. Ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu. Sannan ya yage bakin mayafinsa na ulu, ya naɗe cikin ƙarfen don kada ya ci fata.

"Me ya hana ni yin haka a ranar?" ya ce.

Ya ɗauki ƙawanyar da rabin gurasar, ya sunkuya a ƙofa, ya fita zuwa gidan Dhogru.