Farin Ƙyallen Injiniya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, toka mai zafi ta binne ka a ƙarƙashin matatar hayaƙi ta tashar lantarkinmu. Ni ne mai waldan tashar, kuma taku goma ne tsakanina da kai, Injiniya.

Shekara shida ka yi kana faɗa kafin a girka matatar nan. Kwal muke ƙonawa, kuma a da matanmu ba sa iya shanya a waje, 'yata kuwa tari take har ta yi amai. Kakan ce kafin wutar sola ta wadaci yankin nan, kwal za a ci gaba da ƙonawa, to a ƙona shi da tsoron Allah. Kullum da safe sai ka ɗaura farin ƙyalle a wayar bayan gidajen ma'aikata, da yamma ka kwance ka duba. Muna tsokanarka da mai wankin tasha. Ran da ƙyallen ya fara dawowa fari tas, har mai gadi sai da ka nuna wa.

Ran Talatar, rumbun da matatar ke tara toka ya toshe. Ƙa'ida ita ce a kashe injin kwana guda ya huce. Manaja ya ce garuruwa uku ba za su zauna babu wuta ba, a rufe matatar a saki hayaƙin haka nan. Ka doki tebur ka ce, "Ranka ya daɗe, wallahi sai dai in ba na nan." Sai aka koma ga mummunar dabararmu ta da: a shiga ƙarƙashin rumbun a buge shi da guduma. Aikina ne wannan. Ka fizge gudumar daga hannuna, ka ce, "Matsa, ƙanena, kai 'yarka ƙarama ce."

A bugu na uku bakin rumbun ya yage, tokar ta kwararo, cikinta ja wur. Ihu ɗaya ka yi. Muka tona da shebur, takalmanmu suna narkewa. Da na kamo hannunka, fatar ta biyo tafina. Kaico! Ina jin haushin manaja, na fi jin haushin kaina da na sakar maka gudumar.

Bayan jana'iza sun rufe matatar, wai sai an gyara. Jiya na ɗaura ƙyallenka, na kwance shi baƙi ƙirin, na ajiye a teburin manaja. Kullum zan kai masa wani har sai an kunna matatar, ko a kore ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka huɗu. Allah Ya ba su haƙuri. Kai kuwa, Yayana, Allah Ya jiƙan ka, Ya sanyaya makwancinka, Ya nisanta ka da wuta. Wadda ka sha dominmu ta isa.