Wurin da waƙar Yaya take sauka

Injin matse rake ne ya cinye wa Yaya manuniyar hannun hagu, a wani wurin dafa mazarƙwaila da ke bayan Kudan. Mutane suka yi ta jajanta masa noma. Shi kuwa, ko ciwon bai warke ba, tsohuwar gitarsa yake kallo.

Akwai waƙar da ya haɗa da kansa, ta mai jiran motar Makarfi ranar kasuwa. A tsakiyarta akwai wani kamu mai sanyin murya da masu gita ke kira B maina, wanda sai ka shimfiɗa manuniya a kan tsirkiyoyi kafin ya fita. Da yatsar ta tafi, Yaya ya maye gurbinsa da E maina, mai yatsu biyu kawai. Dukansu masu sanyi ne, amma na farko kamar tambaya yake, na biyu kuwa kamar mutum ya gaji ya zauna. A haka na koyi waƙar a hannunsa, a gindin mangwaron bayan gida, don Baba ba ya son kiɗa a cikin gida.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ko kallonsa sosai. "Wancan" take ce masa. In ya fara kaɗawa, sai ta tuna tana da tsintar wake a jikin katanga. Mun ɗauka dai waken ne.

Bayan rasuwarsa na tafi da gitar Ikara, inda nake koyarwa. Wani abokin aikina ya ji waƙar, ya ce ai B maina ne ya dace a nan. Ya yi gaskiya. Na sha wuya har yatsata ta yi kanta, kamun ya zauna daram, ni ma na riƙa jin kaina wani gwani.

Da na je gida hutun Sallah, Inna tana bakin murhu, ba ta ɗago ba ta ce, "Abin nan na wancan, yana nan?"

Na gane ba gitar take nema ba. Hotonsa ɗaya ne a gidan, kuma ba ta duba shi a gaban mutane. Waƙar ce ta rage mata.

Na zauna a tsakar gida na kaɗa, da gyarana da komai. Da na iso tsakiya sai ta daina fifita wuta.

"Ba haka yake yi ba," in ji ta. "Wurin nan sauka yake yi. Kai hawa ka yi."

Matar da shekara da shekaru muka ɗauka wake take tsinta!

Na lanƙwashe manuniyata cikin tafin hannu, na sake daga farko da sauran yatsun. Da na zo wurin, na sauka inda yake sauka. Inna ta juya fuskarta wajen hayaƙi, ta kai gefen mayafi ido. A hankali, cikin muryar da ta ɗauka ba zan ji ba, ta kira sunansa.