Na Kai Ɗorawan Lu'ulu'u Ƙonni

Badagishiri, Laraba

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, na faɗa akori-kura, hannuna dafe da aljihu. Lu'ulu'u biyu mahaifinmu ya bari, tun zamansa Saliyo: babba mai ruwan ɗorawa, da ƙarami fari fat kamar fasasshiyar kwalba. Ranar rabo na ce wa ƙanwata Rabi, "Namiji kashi biyu gare shi," na wawure ɗorawan, na bar mata farin. A haukana, abin da ya yi kama da zinariya ai shi ne kuɗi. Albasata na ƙuna, guga ya kashe mini baya, injin ban-ruwa nake so kafin wata ya mutu.

Malbaza

A Tsarnawa jandarma ya duba katina na shaida ya ce, "Mi ka riƙe haka, ciwon ciki?" Na ce e. Ƙarfe tara na sauka Malbaza neman Alhaji Dodo, abokin fataucin Baba, aka ce ya shekara uku da komawa Ƙonni. Tafiya mai kyau ke nan! Na sha furar dala goma, direban wata motar siminti ya ɗora ni bisa buhuna. Kilomita talatin da 'yan kai, na sauka fari fes har gira.

Birnin Ƙonni

Bayan azahar na iske Alhaji a zaurensa, tsoho tukuf. Muka gaisa, ya yi wa Baba addu'a. Na miƙa masa lu'ulu'un, ya ninke farar takarda, ya aza dutsen a kai, ya matsa bakin ƙofa inda ba rana. Ya jima yana juya shi.

"Ɗana, wannan shayi ne dahuwa ta uku."

"Baba Alhaji, dubi launi fa!"

"Launin ne cutar. Lu'ulu'u, in ya fita tas kamar ruwan sama, shi a sarki. Da ya soma ɗorawa kuɗi sun soma gudu. Sai fa in ya rine kamar gwaiduwar ƙwai, wannan ko sau guda na taɓa gani. Naka bai kai can ba, bai tsaya nan ba."

Abin da ya taya ko tiyon inji ba ya saye da daɗi. Sannan ya ɗago kai. "Ina ƙaramin farin da mahaifinku ya hana ni? Wancan inji uku ne."

Na kwana gidansa, aka kawo tuwon dawa miyar kuka, na kasa loma biyar.

Komawa, Alhamis

Ba zan ɓoye muku ba, tun daga tashar Ƙonni nake ƙulla yadda zan ce wa Rabi mu yi musanya, wai na tausaya mata, ta riƙe babban. Har Tsarnawa ina gyara maganar, ta yi santsi.

La'asar na shiga gidanta. Ban ko zauna ba ta karanci fuskata.

"Yaya, bai kai ba ko?" Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini farin. "Haɗa da wannan 'yar tsakuwar, ko ta cika maka. Kada albasa ta mutu."

Kunya ta rufe ni, na durƙusa gaban ƙanwata, gemai-gemai da ni, na zayyane mata komai, har ƙaryar da na tanado. Ta yi dariya har da hawaye.

Asabar muka koma Ƙonni tare, ita ta yi cinikin farin, muka sayo inji. Injin nata ne, ni ke jan igiyarsa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Dodo, Rabi kuwa ban san bakin da zan gode mata da shi ba.