Ƙararrawar Jakin Gaba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar ƙanina Idirisu, wanda mutanen Parakou suka fi sani da Kumanda. Duk shekara idan lokacin ya zagayo abokan aikinsa sukan faɗi alherinsa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ni ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau, domin abin da ke bakina ba irin wanda ake faɗa a wurin addu'a ba ne. Na yi kishin ƙanina yana raye, na ci gaba da yi bayan ya mutu. Kuma akwai wani abu nasa a ƙasan akwatina wanda duk danginmu suka ɗauka ya ɓata.

Mu 'yan Djougou ne, jikokin fatake. Kakan mahaifinmu madugu ne, shi ke jan ayarin goro daga Gwanja. Abin da ya rage mana na wancan zamani ƙararrawa ce ta tagulla, ba ta kai dunƙulen hannu ba, wadda ake ratayawa a wuyan jakin gaba. A gidanmu babban ɗa ake ba wa ita. Baba yakan ba mu labarin cewa idan ayari ya doshi dajin 'yan fashi, madugu yakan sa a cusa wa ƙararrawa tsumma, a wuce tsit. Wani lokaci kuma a rataya ta ga wani tsohon jaki a kora shi wata hanya, 'yan fashi su bi ƙara, ayari ya sulale ta ɗaya ɓangaren.

Ni ne babba. Ni aka cire daga lakwal, wato makarantar boko, don in zauna da Baba a kasuwa. Ni na koyi kwance huhun goro, da yayyafa masa ruwa, da canza ganye, da tsince mai sankara kafin ya lalata 'yan'uwansa. Idirisu kuwa aka bar shi da littattafansa. Ya shiga sojan sama, aka tura shi ƙasar waje ya ƙaro karatu, ya dawo da kaki mai kyau da wata irin natsuwa da ke ba ni haushi. Unguwa ta ɗauka matuƙin jirgi ne. Da na bincika na gano ba ya ko taɓa abin tuƙi, a baya yake zama inda ba taga, da abin saurare a kunne, sai na ji daɗi ƙwarai. Na bi rumfa-rumfa ina cewa Kumandan namu ai fasinja ne.

Wata rana bayan azahar muna zaune a zaure, Baba ya tambaye shi, “To kai me kake yi a saman, tunda ba kai ke tuƙi ba?”

Idirisu ya ce, “Saurare nake yi, Baba. Abokin gaba yana da na'urar da yake laluben mu da ita daga ƙasa, yana da rediyon da yake magana da mutanensa. Aikina in ji su kafin su ji mu. In na ji, ko dai in toshe musu kunne mu wuce, ko in sa su ga kamar muna gabas alhali muna yamma.”

Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ƙararrawar, ya ɗora ta a tafin Idirisu. Ya ce, “Ashe kai ne madugun, Idirisu.”

Ina zaune a wurin, tsakanina da su bai fi taku biyu ba. Baba bai taɓa faɗin sunana ba saboda ni ɗan fari ne, kuma na san kunya ce ta iyaye, ba ƙiyayya ba. Amma ranar nan da na ji ya cika baki da sunan ƙanina yana miƙa masa abin da na girma ina jira, sanin nan bai amfane ni da komai ba. Ni da hannuna ya yi ja da goro, ni ne ba madugu ba.

Da Idirisu mai girman kai ne da na samu sauƙi. Sai ya zama yana zuwa har kasuwa cikin kakinsa ya durƙusa ya ce, “Yaya, ina wuni,” masu goro suna kallo suna sa masa albarka. Ko ladabin nasa riba yake ja masa. Bai taɓa ba mu labarin inda aka tura shi ba, bai taɓa cewa ya ceci kowa ba. Sai bayan rasuwarsa wani matuƙi ya riƙe hannuna ya ce da ba don kunnen ƙanina ba da 'ya'yansa marayu ne. Shi ya gaya mini ma ƙararrawar tana aljihun ƙirjin Idirisu duk tashin da zai yi, a cushe da tsumma.

Bai mutu a sama ba. Gajeriyar rashin lafiya ya yi, ya cika a gidansa na unguwar Ladjifarani a Parakou. Ina tsaye a maƙabarta ina kallon sahun sojoji da taron da ya toshe hanya, kuma Allah shaida ne, har da tunanin mutum nawa za su zo tawa jana'izar. Ran addu'ar uku, ana haramar la'asar, aka aike ni ɗakinsa in ɗauko tabarmi. Na ga ƙararrawar a kan tebur kusa da hularsa. Ban tsaya shawara ba, na jefa ta aljihu, tsumman ya rufa mini asiri.

Da aka zo rabon gado aka neme ta aka rasa. Gwaggonmu ta ce ai dama matarsa Ramatu ba jininmu ba ce, 'yar mahautan unguwar Titirou ce, ina za ta san darajar kayan fatake, ƙila ta ba yaran danginsu su yi wasa. Ina zaune ina ji, na bar laifin a kanta. Shekara bakwai matan gidanmu suna amsa gaisuwarta a daƙile, ana biki a kira ta a ƙarshe kamar baƙuwa. Ni kuma shekara bakwai ina da ƙararrawar kakanni, ban taɓa jin muryarta ba. Ina zan kaɗa ta, matata tana tsakar gida?

Nakan yi tunanin me Idirisu zai ce da ya ga yau. Shi da ba ya son a tambaye shi inda yake a waya, yanzu kowa yana shelanta inda yake da inda za shi, har da hoto. Masu kai shanu kasuwannin Borgou suna faɗin hanyar da za su bi da ƙarfi a tasha, sannan su yi mamakin wanda ya tare su. Na ji an ce aikin nasa ma yanzu wasu daga ƙasa suke yinsa, jirgin yana sama ba kowa a ciki. Ina jin murmushi kawai zai yi, ya ce mini in rage murya. Abin da ba na son tunawa shi ne me zai ce da ni, mutumin da sana'arsa jin abin da aka ɓoye.

Makon jiya Ramatu, uwar Habiba 'yar Idirisu, ta zo Djougou. Bana za ta sauke farali, tana bin dangi gida-gida tana neman gafara kamar yadda ake yi. Ta durƙusa a gabana ta ce, “Yaya, akwai amanar da na kasa saukewa. Kwana biyu kafin Baban Habiba ya cika, ya ce mini ƙararrawar nan taka ce. Ya ce ya kasa ba ka ita Baba yana raye don kada ya ɓata masa rai, bayan rasuwar Baba kuma ya ji nauyin kada ka ɗauka tausayinka yake ji. Ya ce in kawo maka da hannuna bayan addu'ar bakwai. Na je ɗauka ban gan ta ba. Na kasa gaya maka, don kada baƙin cikin ya zame maka biyu. Ka yafe mini.”

Akwatin yana bayan labule, da ta miƙa hannu da ta taɓa shi. Na buɗe baki na ce, “Na yafe miki, Maman Habiba. Allah ya kai ku lafiya.” Ta yi kuka, ta yi godiya, ta koma Parakou.

Zan faɗi gaskiya, ba kunya ce ta fara kama ni ba. Haushi ne. Kwana huɗu kacal ya rage a kawo mini ita a gaban dangi, da izinin mai ita, na je na sace abina. Ya fi ni karatu, ya fi ni a wurin Baba, ya fi ni jama'a, yanzu kuma yana kabari ya fi ni sanin haƙƙin ɗan'uwa. Har yau ina kishinsa, ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa ya wuce ba.

Kakinsa yana cikin jaka, lambobinsa suna bango, na'urorin da ya ƙware a kansu an ce ma sun tsufa. Abin da ya rage nasa wanda bai tsufa ba shi ne ya ji abin da ke cina shekara da shekaru ba tare da na furta ba, kuma ya yi niyyar gyarawa. Sauran gyaran nawa ne. Ramatu ba za ta tafi Makka da laifina a kanta ba, kuma Gwaggo tana raye, za ta ji daga bakina.

Ɗazu na zare tsumman. Gobe da safe zan shiga motar Parakou da ƙararrawar a aljihuna, kuma duk ramin da muka faɗa a hanya, kowa a motar zai ji ta.