Ƙullin da Ke Wuyana Naka Ne, Kawu

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Maris, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi abinSa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika a ɗakinsa bayan jinyar wata biyu. Daga Allah muka zo, kuma can ne makomar kowa.

Kawu, shekara talatin da huɗu ka yi kana kai abinci teburin baƙi a otal, cikin farar riga da baƙin laktaye. Abokan aikinka Mai Ƙulli suke ce maka, domin babu wanda ya kai ka iya babban ƙullin nan mai kusurwa uku, wanda ke cika wuyan riga ya zauna daram. Ka sha gaya mini sirrinsa: faffaɗan ɓangaren ake zagayawa ta wuya sau biyu, dama da hagu, kafin a gitta shi ta gaba a zura. Ni kuwa ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu.

Ranar da aka kira ni ganawar neman aiki, na zo maka da laktaye a hannu kamar wanda ya tsinci igiya. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ba ka iya ɗaura wa wani yana fuskantarka ba, sai ka ɗaura a wuyanka gaban madubi, ka bar tsawon yatsa huɗu saboda na fi ka tsayi, ka sassauta, ka zare ta kai, ka zura mini. Bakinsa ya sauka daidai kan ƙarfen bel. Da ƙamshin turarenka na shiga ganawar, na kuma sami aikin.

Tun daga nan duk sabon laktayen da na saya wurinka yake fara zuwa. Ba na kwancewa, sassautawa kawai nake yi in rataye. Kullum sai ka ce, “Zauna ka koya, ɗana, hannun nan ba zai dawwama ba.” Kullum sai in ce ina sauri. Da girma ya fara zuwa, ƙafata ma ta ɗauke, direba nake aikawa da su a leda.

Abin da ya hana ni sukuni tun ranar Talata shi ne liyafar rana da ofishinmu ya shirya mini shekara shida da suka wuce, lokacin da aka ƙara mini girma. A otal ɗinku aka yi, kuma teburinmu aka ba ka. Ban gaishe ka ba. Shugabanmu ya dubi wuyana ya ce, “Wai wa ya koya maka ƙullin nan? Ni shekara ashirin ina fama, nawa kullum a karkace.” Kana tsaye a bayansa da tire a hannu. Na ce a wajen wani kwas na koya, a ƙasar waje. Idonmu ya haɗu, ka zuba masa ruwa ba tare da ɗigo ya zuba ba, ka wuce.

Da na fita wanke hannu muka yi kiciɓis a baranda. Ka ajiye tiren, ka sa yatsa biyu ka gyara mini ƙullin, ka ce, “Ya ɗan karkace, ranka ya daɗe.” Da ka mare ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa ba ka haƙuri ba, kai ma ba ka taɓa tayar da zancen ba, kuma laktayen da direba ya kai maka bayan sati biyu ya dawo a ɗaure tsaf.

A zaman makoki Inna, matarka, ta kira ni gefe. Na zaci ranar tonon asiri ce ta zo. Sai ta ce, “Ranar liyafar nan taka ta ƙarin girma, da ya dawo bakinsa ya ƙi rufuwa. Cewa yake duk ɗakin babu wanda wuyansa ya kai na ɗanmu kyau.” Ashe ko ita ba ka gaya wa ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Jiya na kwance guda ɗaya a hankali, wai in bi sawun hannunka da baya in koya. Ya warware, na yi ta fama gaban madubi, na kasa mayarwa. Saura huɗu a rataye, kuma ba zan ƙara taɓa su ba.

Shugaba, ga amsar tambayarka, ko da ta makara: babu wani kwas. Dattijon da ya zuba maka ruwa, shi ne ya ɗaura, kuma kawuna ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna da 'ya'yanka da mahaifiyata, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka rufa mini asiri a gaban mutane, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Ni kuma Ya yafe mini, tunda na bari lokacin neman yafiyarka ya wuce.