Mai Sikeli, Malamar da Ta Auna Nauyin Taurari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga Afrilu, Allah Ya karɓi ran malamarmu, wadda kowa a sashen ilimin taurari yake kira Mai Sikeli, bayan jinyar wata huɗu.

Malama, ni ce ɗalibarki ta farko. Ranar da na shiga ofishinki, mai taga ɗaya da fankar da ke kuka, kika nuna mini wani hoto mai kama da ɗigon shuni. Kika ce gungu ne na tarin taurari, na'ura ce daga sararin sama ta ɗauko shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ke tsakaninsu zafi gare ta ƙwarai, da tuni ta tsere in ba don nauyin gungun ya riƙe ta ba. Wanda ya san zafin iskar, zai iya lissafa nauyin. Mahaifiyarki kuwa cewa take wa baƙi, "Awo take yi, amma ban taɓa ganin ta kawo ko mudu ɗaya gida ba."

Sai kika gano iskar ba a kwance take ba, tana motsi, don haka nauyin da manyan masana suke bayarwa ya gaza. Sau uku aka dawo miki da takardar bincikenki, aka ƙi buga ta. A wani taro, wani farfesa ya ce ki koma ki koyi lissafi, aka yi dariya. Ni na yi kuka a bayan zaure. Ke kuwa kika ba ni hankici, muka koma muka sake auna gungu arba'in, ɗaya bayan ɗaya, shekara tara. An hana ki ƙarin girma sau biyu, ba ki janye ko layi ɗaya ba.

A watan jiya wasu masana suka auna gungu arba'in ɗin nan ta wata hanya dabam. Lissafinsu ya zo daidai da naki. Farfesan nan da kansa ya rubuto ya ce ke ce da gaskiya. Na kai miki wasiƙarsa har asibiti da gudu, Yallaɓai mijinki ya riƙe miki tabarau kika karanta har ƙarshe. Kika yi murmushi, kika ce, "Alhamdulillahi. To, 'yar nan, saura gungu ɗari biyu. Jeki ki fara."

Na fara, Malama. Mu goma sha ɗaya ne yanzu, duk ke kika yaye mu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Yallaɓai, da 'ya'yanki uku, da ƙannenki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya nauyaya mizaninki da alheri, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.