Filin da Na Ce Ba Za a Noma Ba

Aikina a ɗan ofishinmu na Funtua shi ne neman laifi. Abokan aikina suna rubuta manhajar da ke duba hotunan tauraron ɗan'adam ta faɗi abin da aka shuka a gona, ni kuma na gina tsarin da ke gwada ta duk sanda wani ya taɓa ta. Na yi shi yadda kowa zai iya ƙara nasa gwajin: ka nuna fili a taswira, ka rubuta amsar da ka sani, sai a tambayi manhajar. In ta dace, allo ya yi kore. In ta yi shirme, ya yi ja, a tsayar da komai.

Gonaki ba su da tabbas, bana auduga, baɗi waken suya. Ina neman wuri ɗaya da amsarsa ba ta canzawa, sai na tuna da tsohuwar maƙabartar ƙauyenmu a bayan Ƙarfi, wadda aka bari tun da mutane suka taso bakin kwalta. Can kakata da ta goya ni take kwance, a gindin wata tsamiya. Na zagaye wurin a taswira, na rubuta: babu shuka. Har bugun ƙirji na riƙa yi da dabarar nan.

Shekaru gwajin bai motsa ba. Wata safiya ana tsakiyar damina ya yi ja. Manhajar ta ce masara ce a wurin, kuma ta yi kyau ƙwarai.

Ni da saurin hawa, na wanke masu rubuta manhajar tas. Suka duba, ba su ga kuskure ba. Na ɗauko tsofaffin zubin manhajar na ba su sabon hoton, kowanne ya ce masara.

Ranar Asabar na je gida, na goya Baffa, ƙanen mahaifina, a babur. Muka nufi tsohuwar maƙabartar. Mun isa rana tsaka. Babu tsamiya, sai kututture. Masara ta wuce kaina, ko ganye ba ya motsi. A gefe an tara fasassun tukwanen da ake rufe kabari da su.

Da na shiga tsakanin kunyoyin na lura shukar ba daidai take ba. Wasu gurabe sun fi duhu da tsayi, kowane gurbi tsawon mutum a kwance, kudu da arewa, a jere. Akwai gajeru a cikinsu. Na rasa inda zan ajiye ƙafa.

"Baffa, wa ya noma nan?"

"Wani baƙo ne ya saya. Bai san komi ba."

"Wa ya sai da mishi?"

Ya dubi ƙasa. "Gona ta yi wuya, ɗana. Duk mun yarda."

Raina ya ɓaci, amma ba faɗa ya kawo ni ba. Na ce, "To kakata tana ina?"

Ya nuna gabas da kututturen, ya sake nuna wani wajen, sannan ya sauke hannunsa. "Wallahi wurin ya ɓace mini."

Mahaifiyarsa ce. Muka tsaya a bakin gonar muka yi wa filin gaba ɗaya addu'a. A gida aka kawo gasasshiyar masara, na ce na ƙoshi.

Ranar Litinin shugabarmu ta leƙo teburina, domin gwajin nan ya hana kowa ci gaba da aiki.

"Malam, manhajar ce ko filin?"

"Filin ne, Hajiya."

"To da sauƙi. Ai kai ka gina shi yadda za a iya canzawa."

Gaskiya ta faɗa. Na goge "babu shuka", na rubuta "masara". Allo ya yi kore, kowa ya koma bakin aikinsa.